Kundin koyon sirniki a Kazan, daga Janairu zuwa sahur ɗin farko

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda na lura cewa duk kuskuren da na yi a kicin ban rubuta shi ba, kafin mako ya zagayo na sake maimaita shi. Abin da nake so in koya shi ne sirniki, wanda Rashawa suke karya kumallo da shi, kuma ana yin sa a Yukren da Belarus. Ana kwaɓa shi da tvorog da ƙwai da sukari da fulawa kaɗan, a mulmula shi ya yi faɗin bakin ƙaramin kofi, a soya a kasko, a ci da smetana ko zuma ko madarar gwangwani mai kauri. Tvorog shi ne farin gudajin da ke saura idan madara ta yi tsami aka ɗumama ta aka tsiyaye ruwan, smetana kuwa kirim ne mai tsami wanda ya fi kindirmo kauri da maiƙo.

Dalilaina biyu ne. A wannan watan rana ba ta fitowa a Kazan, birnin Rasha da nake karatu a cikinsa, sai wajen ƙarfe takwas, ni kuma kafin lokacin na bar gida da ruwan shayi kawai a cikina, sai yunwa ta kai ni wani shagon shan kofi kusa da makaranta, inda nake biyan rubul 260 a kan sirniki guda uku. Na biyu kuma ana sa ran kama azumi a farkon Maris, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ina so kafin lokacin hannuna ya faɗa da wani abu mai riƙe ciki da zan iya soyawa cikin minti goma sha biyar da asuba.

Dattijuwar da nake haya a gidanta 'yar ƙabilar Tatar ce, ta yi shekaru tana girki a kicin ɗin wata makaranta tun zamanin Tarayyar Sobiyat. Apa nake ce mata, kamar yadda ake kiran babbar mace a nan, ita kuma tana ce mini kizim, wato 'yata. Ban gaya mata niyyata ba, domin ina so ta ga abin ya kammala ne kawai.

Yau na sayi tvorog roba biyu, ƙwai goma (goma-goma ake sayar da shi a nan), fulawa kilo biyu, sukari kilo ɗaya, smetana, da kwalbar man suya. Jimla rubul 730.

Lahadi, 12 ga Janairu

Gwajin farko ya watse. Tvorog ɗin da na saya ashe mai laushi ne wanda ake sha da cokali, ko gudaji ɗaya babu a cikinsa. Na fasa masa ƙwai biyu, na zuba sukari babban cokali uku, kan in juya sau biyar ya koma ruwa kamar ƙullun koko. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na shiga ƙara fulawa cokali bayan cokali, har na daina ƙirgawa a na tara. Daga nan hannun ƙosai ya motsa: na tuttula mai a kasko har ya kusa rabi, na ƙure wuta, na riƙa sakawa. Abin da ya fito ya sha mai, ya yi danƙo kamar roba, babu abin da ake ji a baki sai fulawa.

Ƙauri ne ya fito da Apa daga ɗakinta. Ta gutsiri ɗaya, ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce, "Kizim, wannan ba sirniki ba ne, aladi ne." Sai da gabana ya faɗi, na ajiye cokali ina kallon kwalbar man ina tunanin abin da na sayo. Da ta ga yadda fuskata ta canza ta tambaye ni, na yi mata bayanin abin da alade yake nufi a Hausa, ta yi dariya har da riƙe ƙofar firij. Oladi take nufi, wani fanken Rashawa mai fulawa da yawa, wanda a bakinsu harafin farko yake fita kamar "a". Ta ce in bar komai sai Asabar, za ta tsaya a kaina.

Laraba, 15 ga Janairu

Jarrabawa. Ban shiga kicin ba sai don dafa shayi.

Asabar, 18 ga Janairu

Tare muka je kanti. Apa ta wuce duk robobin ba ta ko kalle su ba, ta ɗauko wanda aka naɗe a takarda kamar sabulun wanki, mai nauyin giram 180, wanda aka rubuta kashi 9 cikin ɗari na maiƙo a jikinsa. Ta ce mai kashi 5 ma yana yi, amma wanda babu maiƙo ko kaɗan yana fitowa a bushe da tsami, mai kashi 18 kuma yana narkewa a kasko. Ta kuma hana ni taɓa mai ƙwaya-ƙwaya da ke iyo cikin kirim, da wanda aka riga aka zuba wa sukari. A kantin magani muka sayi marlya, siririn farin ƙyallen da ake ɗaure ciwo da shi, domin da shi matan nan suke tace tvorog.

A gida ta juye ƙunshi ɗaya a marlya, ta murɗe bakin, ta ɗora a rariyarta, ta danne da kwalbar da aka cika da ruwa. Bayan rabin sa'a ruwan da ya tsiyaye ya kai cokali huɗu, alhali da ido za a rantse abin a bushe yake. Ta ce duk cokalin ruwan da aka bari a ciki sai an biya shi da cokalin fulawa, fulawar kuma ita ce take kashe ɗanɗanon. Sukari ma ta ce kada ya wuce kima, saboda yana jawo ruwa daga jikin tvorog, shi ya sa nawa ya tsinke ranar Lahadi. Ga ƙunshi ɗaya, gwaiduwar ƙwai kaɗai ta sa, ban da farin.

Na tambaye ta dalilin da ake cewa sirniki alhali sir a Rashanci sunan cuku mai tauri ne. Ta ce a da can da wannan kalmar ake kiran tvorog ɗin kansa, kuma har yanzu haka mutanen Yukren suke kiransa. Wasu Rashawa ma tvorozhniki suke ce wa abincin, amma tsohon sunan ne ya fi bin baki.

Kwaɓin ya yi kyau, suyar ce ta ɓaci, kuma laifina ne. An kira Apa a waya, ni kuma na ga kamar wutar ta yi ƙasa da yawa, na ƙara ta. Bayan ya yi baƙi cikin minti ɗaya, cikin kuwa ɗanye shakaf. Kashe kuɗin yau: tvorog ƙunshi biyu 210, marlya 60.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na yi ƙunshi na biyu ni kaɗai, da mai cokali ɗaya da wuta ƙasa da matsakaiciya. Sun ciwu, sai dai siffarsu ba ta da kyan gani, kowanne da inda ya karkata.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau ranar ɗalibai ce a Rasha, wadda suke kira ranar Tatyana, kuma na yi niyyar kai wa abokan karatuna biyu sirniki. A kanti na ga wani ƙunshi mai kama da wanda Apa ta zaɓa, a kan rubul 62 maimakon 105, na ɗauki biyu ina murna na yi dabara. Da na matse shi babu ruwan kirki da ya fito, wanda ya ƙara mini farin ciki. Amma da ya ji zafin kasko sai ya fara sakin wani mai daga jikinsa, ya baje, guda shida suka haɗe suka zama faifai ɗaya da ba ya juyuwa. Wanda na kankaro na ɗanɗana ya bar mini wani maiƙo a dasashi kamar na sha kakide.

Apa ta ciro takardar daga kwandon shara, ta sa tabarau, ta nuna mini ƙananan rubutun da ban karanta ba. Ba tvorog aka rubuta ba, tvorozhni produkt aka rubuta, wato abin da aka haɗa da man tsirrai a madadin maiƙon madara. Ta ce tun watan Yuli na 2019 aka wajabta wa kantuna su ware kayan madara na asali daga irin waɗannan, kuma in riƙa neman haruffan БЗМЖ a jikin kanta ko a takardar farashi, waɗanda ke nufin babu abin da aka musanya maiƙon madara da shi. Shekara biyu ina ganin haruffan nan ban taɓa tambayar ma'anarsu ba. Na yi asarar rubul 124 da ƙwai ɗaya, abokaina kuma biskit na kai musu.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau ne karo na farko da na yi abin da zan iya kiransa sirniki ba tare da jin kunya ba. Da safe mun je babbar kasuwar gari, sashen masu madara, inda ake sayar da tvorog a kan sikeli kuma mai sayarwa take miƙo ɗan kaɗan a ɗanɗana kafin a saya. Apa ta ɗanɗana na mata uku. Wanda ta zaɓa ba shi da tsami sosai, kuma da ta dunƙule shi a tafin hannu ya tsaya a dunƙule bai jiƙa mata hannu ba. Rabin kilo rubul 200. Na sayi rariyar ƙarfe tawa a kan 180, da smetana 95.

Aikin da ya fi cin rai shi ne murje tvorog ɗin ta cikin rariya da bayan cokali, wanda ya ɗauke ni kusan minti goma sha biyar har wuyan hannuna ya yi tsami. Amma bambancin a bayyane yake, domin ya sauko kamar lallausan gari, kuma da na sa ƙwai ya haɗe ba tare da neman fulawa mai yawa ba. Apa ba ta awo, da ido take zubawa, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san kima. Ni da ban kai nan ba sai na riƙa tare hannunta ina ɗora komai a kan sikeli. Abin da ya fito: tvorog giram 400, ƙwai ɗaya, fulawa giram 40, sukari giram 25, gishiri ɗan tsunkule.

Sannan ta nuna mini dabarar kofi. Ana barbaɗa fulawa a katako, a ajiye curin kwaɓi a kai, a kifa kofin gilashi mai faɗin baki a kansa, sai a riƙa juya kofin da sauri a kan katakon kamar mai murza zare. Curin yana bugun bangon kofin ta kowane gefe, cikin daƙiƙa biyar sai ga shi ya zama da'ira mai miƙaƙƙen gefe, kaurinsa kamar yatsa ɗaya da rabi. A danna samansa da gefen wuƙa sau ɗaya, shi ke nan. Na farko ya manne a kofin saboda na yi rowar fulawa a katako, sauran bakwai suka fito kamar an yi su a inji.

Mai cokali ɗaya da ɗan man shanu, wuta ƙasa-ƙasa, minti huɗu ba a taɓa su ba, sannan a juya a rufe kaskon na wasu minti huɗu domin tururi ya dafa cikin. Da na sauke ta hana ni ci nan take, ta ce da zafinsu cikin yana nan kamar bai nuna ba, sai sun sha iska na minti biyar suke kama jikinsu. Bayan ja-ja, cikin fari tas mai laushi, ga ɗan tsami da smetana take ƙara fito da shi. Apa ta ci biyu ba ta ce komai ba, ta miƙa hannu ta ɗauki na uku.

Da yamma na nuna wa Mama hoton a waya, ta ce, "Ai wannan masa ce aka yi da cuku." Na ce mata kusan haka ne, sai dai cukun da Fulani suke yi da ruwan tumfafiya madarar ba ta yin tsami, wannan kuwa tsamin ne yake daskarar da shi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na gwada manka a madadin fulawa, wato garin alkama mai tsaki-tsaki irin semolinar da muke tuƙa tuwo da ita. Ban bar kwaɓin ya huta ba, sai tsakin ya riƙa ƙaras-ƙaras a haƙori. Yana bukatar aƙalla minti ashirin a firij kafin ya sha ruwa ya kumbura, abin da ba zai yiwu da safen ranar karatu ba sai dai a kwaɓa tun dare. Manka 70, tvorog 105.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na shiga mataki na biyu, wato yin tvorog da kaina, domin in ga ko zai fi araha. Na juye kefir, wani tsinkakken nono mai tsami da ake sha a nan, kwalba biyu a tukunya na ɗora kai tsaye a kan wuta, na koma ɗaki in duba wani abu a littafi, na dawo na tarar yana tafasa. Gudajin ya ƙanƙance ya yi tauri, yana ƙara a haƙori kamar ana tauna roba, kuma ko rariya ya ƙi bi. Duka-duka abin da na samu bai kai giram 250 ba. Na yi ƙoƙarin ceto shi da smetana cokali biyu, amma sirnikin ya fito a bushe yana marmashewa. Apa ta ce ba a ɗora shi a wuta kai tsaye, a cikin wata tukunyar ruwan zafi ake zaunar da shi, kuma da zarar ruwan ya rabu ya yi kore-kore a sauke. Rubul 190 sun tafi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Wata hanyar da wata abokiyar karatuna ta faɗa mini: a daskarar da kefir a firiza, a yanke ledar, a bar ƙanƙarar ta narke a cikin marlya. Na sa tun daren jiya. Abin da ya fito yana da santsi da daɗi a kan burodi, amma ya yi laushi da yawa, irin na ranar farko ne. Ban ɓata ƙwai a kansa ba. Rubul 95.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na sayi ma'aunin zafi na kicin a kan 250. Ranar Alhamis da dare na ɗumama madara lita biyu, na zuba mata katik cokali huɗu, wato kindirmon Tatar, na rufe na ajiye kusa da bututun ɗumama ɗaki. Zuwa safiyar yau ta kama sosai. Na zaunar da tukunyar a cikin ruwan zafi, na yanka daskararriyar madarar gida-gida da wuƙa, na tsaya a kanta da ma'auni a hannu har ta kai digiri 50, na kashe wuta na bar ta ta huce da kanta. Na juye a marlya na rataye a hannun kabad na sa'a uku.

Na samu giram 380 na tvorog mai laushi, marar tsami sosai, wanda ya fi duk wanda na taɓa saya daɗi. Sai dai lissafi bai goyi bayansa ba: madara 180, katik 60, alhali wannan nauyin a kasuwa bai wuce 152 ba, ga kwana biyu na jira. Na yanke shawarar cewa na kasuwa zan riƙa saye, wannan kuwa sai ranar marmari. Ruwan da ya tsiyaye Apa ta hana ni zubarwa, ta cika kwalba biyu ta sa a firiza.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na yi da tvorog ɗin jiya, na ƙara zabibi giram 40 da na jiƙa a ruwan zafi na tsane da tawul, na rage sukari zuwa giram 15. Ya yi. Zabibi 90, ƙwai 110.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwajin ajiya, wanda shi ne ainihin abin da sahur yake bukata. Na mulmula guda goma, na soya biyu, sauran takwas ɗin na jera su ɗanyu a roba ɗaya a kan ɗaya na sa a firiza. Da dare na duba na tarar sun manne sun zama dutse guda. Na sa wuƙa in raba su, uku suka farfashe, na bar sauran suka saki, da suka saki kuma suka jiƙe suka rasa siffa. Kuskuren a fili yake: ya kamata in shimfiɗa su ɗaiɗai a katako mai fulawa su daskare tukuna, kafin in tara su a leda. Na sake mulmula abin da ya saura da ƙarin fulawa, suka fito da ɗan tauri. Tvorog 200.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Tun Litinin aka shiga makon Maslenitsa, wanda Kiristocin Otodoks suke yi kafin babban azuminsu da zai fara ranar 3 ga Maris. A cocinsu makon cuku ake kiransa, domin an daina cin nama amma an halatta madara da ƙwai da man shanu, shi ya sa ko'ina blini ake soyawa, wato fanke mai faɗi siriri kamar takarda. Maƙwabciyarmu Barashiya ta kawo mana faranti guda, Apa kuma ta fito da ruwan tvorog ɗin da ta adana ta kwaɓa nata da shi, muka mayar da farantin da blininta da sirnikina guda huɗu. Matar ta aiko da tambaya ko manka na sa ko fulawa, wanda na ɗauka a matsayin yabo.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An sanar da cewa gobe za a tashi da azumi. Bayan la'asar na sayo tvorog kilo ɗaya da giram 200 a kan 480, sukarin banila ƙunshi uku 30, smetana 95. Na murje shi duka a rariya, na raba kwaɓin uku bisa awon ranar 2 ga wata, kashi ɗaya da zabibi. Guda 24 suka fito, kowanne kusan giram 65. Na jera su a katako biyu ba mai taɓa wani, bayan sa'a uku suka yi tauri, na zuba su a leda shida, huɗu-huɗu.

Abin da na rubuta na kashe tun 11 ga Janairu ya kai kimanin rubul 3,550, ciki har da rariya da ma'aunin zafi da duk asarar da na tafka. A yanzu kowane guda yana tsaya mini a kan kusan rubul 24, wato uku 72, a maimakon 260 na shago.

Asabar, 1 ga Maris

Na tashi ƙarfe huɗu saura. Na ɗora guda huɗu kai tsaye daga firiza ba tare da sun saki ba, wuta can ƙasa, kasko a rufe tun daga farko, minti shida kowane gefe. Uku sun nuna har ciki. Na huɗun, wanda ya zauna a gefen kasko inda wuta ba ta kai sosai, tsakiyarsa da sauran sanyi, sai da na mayar da shi na minti biyu. Ni biyu, Apa biyu, da smetana da shayi mai madara irin nasu. Yunwa ba ta dame ni ba sai bayan azahar, amma na ji ƙishi da wuri, kuma ina zargin zumar da na malala a kai.

Gobe zan bar zumar, in soya uku-uku a tsakiyar kasko maimakon huɗu. Abin da ke firiza zai kai mu ranar Juma'a, don haka Laraba zan koma kasuwa, kuma a zagaye na gaba zan kwaɓa kashi ɗaya da manka tun dare in ga ko ya fi jure daskarewa. Apa ta ce in sayo ƙarin rabin kilo, za ta fara nuna mini yadda ake dafa tvorog har ya yi ja ya zama kort, wanda za mu sa a gubadiyar Sallah, wato gasasshen abincin Tatar mai hawa-hawa da ake rufewa da kwaɓin fulawa.